Tabar Bara Waccan

A ƙasarmu ba a yabon taba a bainar jama'a. Mai sha yakan juya baya idan ya hango babba, ya dunƙule karan cikin tafin hannu har ya kusa ƙona shi, kuma idan ana binciken mai neman aure, da zarar an ce yana busa hayaƙi magana ta fara tangal-tangal. Ni ba na sha, ba na kuma yi wa kowa fatan ya fara. Sai dai a gidan manomin taba na tashi, a Kutawa ta ƙasar Dutsin-Ma, kuma abin da na fara sani game da ajiya da jira da rarrabe abu mai kyau daga wanda ya yi kama da mai kyau, a jikin ganyen taba na san shi.

Kakana, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, gero da dawa da gyaɗa yake nomawa da damina kamar kowa. Taba sana'ar rani ce. Yana da ɗan fegi a fadama, da rijiya da jigo. Da ruwa ya ɗauke sai ya yafa iri, kuma sai ya cuɗa shi da toka tukuna, domin irin taba ƙanana ne ƙwarai, in an yafa su zalla wuri ɗaya suke taruwa su shaƙe juna. In sun yi ganye huɗu ko biyar sai dashe. Daga nan kullum yana can, ban ruwa, cire tsutsa da hannu, tsinke tohon da ke fitowa a hammatar ganye. Lokacin da tabar ta fara shirin fure kuwa, a nan rigimar gidanmu ta shekara-shekara take tashi.

Shi so yake ya datse kawunan duka, domin in aka bar taba ta yi fure ƙarfinta can yake tafiya, ganyen ya fito siriri ba nauyi. Iya kuma, matarsa, furen take jira. Matan zamaninta da furen taba da goro suke rina haƙora su yi jawur, kwalliya ce ta kece raini, kuma ba sabuwa ba ce, don Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya tarar ana yin ta har ya rubuta. Sai Iya ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, in ka hille su duka kamar bara, to ka san inda za ka ci tuwon dare." Shi kuma ya yi kamar bai ji ba. A ƙarshe dai layi biyu na bakin rijiya yakan bar mata, daga cikinsu kuma yake ɗibar irin baɗi.

Ba a girbe taba rana ɗaya. Daga ƙasa ake fara tsinka, ganyen gindi in ya nuna, a bar na sama ya ƙara shan rana. Baba Tsoho ba ya haɗa su. Na ƙasa sanyi gare shi, ba ƙarfi. Na tsakiya shi ne mai ƙamshi. Na can sama mai kauri ne, mai danƙo a hannu, shi ke bugar da mutum in bai saba ba. Yakan soke su a igiyar rama ya rataye a ƙarƙashin rumfar zana, ba a rana ba. Kore ya koma rawaya, rawaya ta koma ruwan ƙasa. Matsalar ita ce hunturu. Iskar ƙasarmu in ta busa, ganyen da ya bushe ko kallonsa aka yi da ƙarfi sai ya ruguje. Saboda haka ba ya taɓa shi sai da asuba, ko kuma ya yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa da dare ya rufe ƙofa, gari na wayewa ganyen ya yi laushi yana naɗuwa a yatsa.

Sannan sai babban aikin, wanda masu gaggawa suke tsallakewa. Yakan jera ganyen a tsibi, ya rufe da tabarma da tsohon buhun algarara, ya danne da dutse. Bayan 'yan kwanaki tsibin ya ɗauki zafi da kansa, ba wuta ba rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai daddawa ranar da ta buɗe kwandon kalwarta ya san abin da nake nufi: ɗumi yana tasowa, da wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye, kuma wannan warin shi ne shaidar abin yana tafiya daidai. Baba Tsoho ba shi da ma'aunin zafi. Hannu yake zurawa har gwiwar hannu, ya yi shiru, sannan ya ce a bari ko a juya. In an juya, na ciki ya dawo waje, na waje ya koma ciki. Haka zai yi ta yi har yajin ya kwanta. Daga nan ya murɗa ganyen, ya naɗe da kaba, ya jera cikin tsohuwar tukunya a kusurwar ɗaki, nesa da murhu, kusa da randa.

Mafi yawa a shekarar yake sayarwa. Wasu su daka da kanwa su yi taba gari su zuba a batta, wasu su cusa a lofe. Amma kowace shekara yakan ware abin da ya fi yarda da shi ya ƙi fito da shi kasuwa. Wannan ita ce tabar bara, in ta ƙara shekara ta zama tabar bara waccan. Masu sayenta sanannu ne, ba su da yawa: wasu tsofaffi daga wajen Kurfi, wani Bafillace da ke biyowa in sun dawo daga mashekari, da Buzaye masu kawo kanwa. Ba a yin ciniki da hayaniya. A zauna a zaure, a gaisa, a tambayi iyali da dabbobi, sannan ya shiga ya fito da murɗi ɗaya. Mai saye ya warware gefe, ya kai hanci, ya lumshe ido. In ya ce "Madalla," an gama.

Wata rana ya kira ni. "Taho nan, ja'iri. Shinshina wannan, ka shinshina wannan. Wacce ta bana?" Na nuna. Ya sauya hannu a bayansa ya sake miƙo mini, na sake nunawa. Ba wuya a gane in an sa hankali. Ta bana tana cizon hanci, akwai ɗanyen haki a cikinta. Ta bara waccan ba ta cizo. Ƙamshinta a hankali yake zuwa, da ɗan zaƙi-zaƙi na busasshen dabino, da ƙasa-ƙasa, da wani abu mai kama da fatar da dukawa suka gama jima. Ya ce, "To, ka fi ubanka hanci." Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba, ko da yake da ya ga na kai ganyen kusa da baki sai da ya make mini hannu.

Abin da na fi riƙewa daga wannan ɗakin shi ne shekarar da ya zubar da tsibi guda. An yi biki a dangi, ya yi nisa, tsibin ya wuce lokacin juyawa, ya yi zafi fiye da kima, tsakiyarsa ta yi baƙi ta fara funfuna. Kawuna ya ce a shanya a ajiye, ai in ta kwana biyu za ta gyaru. Baba Tsoho ya ce, "Ajiya ba ta gyara ganye. Abin da ke cikinai take hiddowa." Ya kwashe ya kai juji. Tun daga nan na daina ruɗuwa da tsufa. Mu Hausawa muna da saurin girmama abu don ya daɗe, ko hatsi ne ko al'ada ko ma'aikaci a ofis. Amma daɗewa iri biyu ce. Akwai abin da aka zaɓa tun yana sabo, aka yi ta dubawa ana juyawa har ya nuna, akwai kuma wanda aka manta da shi a lungu. Shekarunsu ɗaya, kuma a nan kamarsu ta tsaya.

Bayan shekaru masu yawa, na riga na yi karatun aikin gona ina koyarwa, sai wani abokina da muka yi makaranta tare a Dutsin-Ma, wanda yanzu harkar kwangila ta karɓe shi a Abuja, ya ce in zo in ga tsarabar da wani abokin cinikinsa ya kawo masa daga waje. Ɗan akwatin katako ne, a ciki an jera tabar Kyuba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye zalla ba takarda, kowane kara da ɗan zoben takarda mai ruwan ɗorawa da baƙi an rubuta Cohiba. Ya ce, "Malam, kuɗin kara ɗaya sai ya saya maka buhun masara. Ni dai ban ga abin da ke ciki ba." Ya juya akwatin ya nuna mini hatimi a ƙasansa, wata da shekarar da aka rufe shi. Ya kwana biyu ƙwarai. Na ɗauki ɗaya na kai hanci ba tare da an kunna ba. Ba ta cizo. Na ce masa, "Mutumina, wannan tabar bara waccan ce." Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake.

Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda ake yin ta, kuma kusan kowane mataki da na karanta na riga na gan shi a rumfar Baba Tsoho. A yammacin Kyuba, lardin Pinar del Río, akwai yankin da ake kira Vuelta Abajo, nan ne ƙasar taba mafi daraja. Su ma da rani suke nomanta, bayan ruwa ya ɗauke. Su ma suna datse kai, suna tsinke tohon gefe, suna girbi daga ƙasa zuwa sama. Ganyen ƙasa suna ce masa volado, shi ke sa wuta ta ci daidai. Na tsakiya seco, mai ƙamshi. Na sama ligero, mai ƙarfi. Ganyen da za a yi rigar waje da shi a ƙarƙashin rumfar yadi mai shara-shara ake nomansa don ya fito sumul. Ana ɗinke ganye bibbiyu a rataye a sanduna cikin manyan rumfuna kimanin kwana 50, sannan a tsiba shi ya ɗauki zafi, a juya, a ware, a sake tsibawa. Yajin nan da ke sa hawaye sinadarin amoniya ne ke fita, tare da wani kaso na ɗacin ganyen. Bayan haka a ɗaure a ajiye, na rigar waje cikin ɓawon wani irin giginyarsu, sauran cikin algarara. Ganyen sama, da yake ya fi taurin kai, sai ya yi aƙalla shekara 2 a ajiye. Wadda suke kira Reserva ganyenta ya shekara 3 kafin a naɗe, Gran Reserva kuwa 5. In an naɗe an sa a akwati ma ba a gama ba, masu abin sukan ƙara mata shekaru a wurin da damshin iska yake tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Abin da randar kakana ke yi ke nan.

To ina bambancin yake? Hannu dai hannu ne, hanci kuma hanci. Bambancin shi ne su sun sa wa komai suna, sun rubuta, sun tsare. Sun san tun watan Nuwamba na 1492 mutanen Kolumbus suka tarar da 'yan asalin tsibirin suna zuƙar naɗaɗɗen ganye. Sun san H. Upmann ta fara a 1844, Partagás a 1845, Montecristo a 1935, Cohiba kuma a 1966, tun tana ta Fidel Castro da manyan baƙinsa kafin a fara sayar wa kowa a 1982. Tun 1865 masana'antunsu suke ɗaukar mutum musamman ya zauna a kan dakali yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafai suna aiki, kuma daga wani littafin Alexandre Dumas da masu naɗin suke so aka samo sunan Montecristo. Doka ta hana a kira wata taba Habano in ba a Kyuba aka noma ta aka naɗe ta ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alejandro Robaina, manomi ne kawai, danginsa suna noman fegi ɗaya tun 1845. A 1997 aka fitar da taba da sunansa, Vegas Robaina, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe don su gaisa da shi, har ya rasu a 2010 yana da shekara 91. Ko takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu a 1962 bai kashe sunan ba. Shi kansa Shugaba Kennedy sai da ya aika aka tara masa kara 1,200 kafin ya sa hannu.

Kada a ce ai ƙasarsu ce ta fi. Maƙwabtanmu na gabashin Kamaru suna noma ganyen rigar waje da manyan kamfanonin Jamhuriyar Dominika ke rububinsa. Mu kanmu muna da suna a da. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1853 zamanin Sarki Muhammadu Bello yana shirin tafiya Tambutu. Cikin guzurin da ya saya har da tabar Katsina, ya kuma faɗi dalili: ana ji da ita har a Tambutu, garin da ake kawo wa taba mai kyau daga Wadi Nun ta kudancin Maroko. Da ya tashi, ta Kuraye da Kurfi ya bi ya nufi Sakkwato. Wato ganyen wannan ƙasa tamu ya taɓa yin gogayya da na Arewacin Afirka a kasuwar da ke da nisan tafiyar watanni. Yau wa zai gaya maka wane iri ne, wace fadama ce ta fi, kwana nawa ake barin tsibi? Da baƙo bai rubuta layi biyu ba, da ko labarin ba mu da shi. An buɗe masana'antar sigari a Zariya a 1959, samari suka koma kwali, lofe ya zama kayan tsofaffi, 'yan mata suka daina fure. Wannan sauyin zamani ne, ba laifin kowa ba. Abin da ke wuyanmu shi ne ba wanda ya zauna da irin su Baba Tsoho da alƙalami. Irin da yake ɗiba a layin Iya, wanda ya ce daga hannun ubansa ya karɓa, ya ƙare a cikin wani ƙullin tsumma shekara kaɗan bayan rasuwarsa.

Sai dai a nan dole in taka burki, don na ga yadda kalmar gado take sa mutum ya rufe ido. Masu tallar tabar Kyuba sun ƙware a wannan: a nuna maka tsoho da hular kaba, da akwatin katako, da shekarun ajiya, har ka manta hayaƙi ne. Shekara biyar a cikin ɗauri tana kwantar da yaji, ba ta cire guba. Masu shan irin wannan sukan ce ai ba sa haɗiye hayaƙin, a baki kawai suke juya shi, to bakin da harshen da maƙogwaron su ne ciwon daji ke kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, Nijeriya kuma ta yi dokar taƙaita ta a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Gardamar ma ta girmi likitocin zamani. Tun farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malamai suka yi masa ca. Daular Masina ta Shehu Ahmadu ta haramta ta a ƙarni na 19. 'Yan Tijjaniyya kuwa har gobe ba sa kusantarta. Baba Tsoho ya san duk inda maganar ta dosa ko da bai karanta ba. Bai bar ko ɗaya cikin 'ya'yansa ya sha ba. Shekarunsa na ƙarshe da tari ya yi su, irin mai hana maƙwabta barci, kuma bai taɓa ɗora wa sanyi ko sammu ba. Yakan nuna lofensa ya ce, "Ga mai shi nan."

Don haka ba na cikin masu cewa a dawo da noman taba. Fegin nan yanzu tumatir da albasa da attaruhu ake yi a ciki, kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983 abin da yankinmu ke buƙata shi ne ruwan ya isa gonaki a noma abinci. Abin da nake jin ciwonsa shi ne hannun da ke shiga tsibi ya san lokaci, da hancin da ke rarrabe bana da bara. Wannan ilimin bai tsaya ga taba ba, kuma saura ƙiris ya bi ta. Akwai tsohuwar da ta san daddawar da za ta shekara ba ta yi tsutsa ba. Akwai wanda ya san wace kaura ce ke jure rumbu shekara uku, wace farfara ce ƙwari ke fara ci, wane ganye ake shimfiɗawa a gindin rufewa. Akwai masu haɗa turaren wuta da suka san wanda sai ya kwana a kwalba wata da watanni kafin ya faɗa. Yanzu ga matsalar tsaro ta tashi ƙauyuka da dama a yammacinmu, kuma in ƙauye ya watse, tsofaffi su ne ke fara tafiya, ƙullin iri kuma ba ya cikin abin da mai gudu ke tunawa. Muna da jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, da tsangayar aikin gona a cikinta, ga kwalejin ilimi ta Isa Kaita. Ɗalibi ɗaya da waya mai ɗaukar murya zai iya yi wa kakarsa abin da ba a yi wa nawa kakan ba. Nawa ɗaliban dai na sa musu shi dole, kuma ba na karɓar "ana ajiyewa har ya yi." Sai an gaya mini a cikin me, kusa da me, wa ke dubawa, da me yake ganewa.

Abokina na Abuja bai sha tabarsa ba, ajiye ta ya yi a kan teburin falo don baƙi su gani. Da hunturu ya shigo sai ga wayarsa. "Malam, kayan nan fa sun lalace. Rigar duk ta tsattsage, in na taɓa sai ta yi ƙaras." Na ce ina ya ajiye, ya ce ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don kada zafi ya taɓa ta. Na ce to ya haɗa mata hunturu biyu. Ya ce ko ya fesa mata ruwa? Na ce in ya fesa, cikin zai kumbura ya ƙarasa fasa rigar; wadda ta tsage ta riga ta tsage, sauran kuwa a hankali ake dawo da su, cikin makonni. Na tambaye shi ko akwai randa a gidan. Ya ce wace irin randa a Maitama? Na ce to ya aika direba Dutsin-Ma ya sayo, ya cika ta da ruwa, ya sa akwatin a rufe a gindinta, ya riƙa juya karan duk bayan kwana biyu.

Ya ce, "Wannan a wane littafi ka gani?"

Na ce ba a rubuta shi ba tukuna, ya dai aika a sayo randar.